Amsoshin Tambayoyinku: Ta Yaya Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Kai Iyalinsa Yawon Buɗe Ido?

Tambaya: Ni malamin makarantar sakandare ne a Kano, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Duk hutun da aka yi a gida yaran nan suke cinye shi, daga kallon talabijin sai faɗa da juna. Babbarsu ta karanta labarin Yankari a makaranta, tun daga ranar ta hana ni sakat. Ina son in kai su, amma albashina ba mai kauri ba ne, kuma ba ni da mota. Shin yawon buɗe ido na masu hannu da shuni ne kaɗai, ko akwai yadda irinmu za mu yi shi, mu ji daɗi, ba tare da mun dawo da bashi ba? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, Allah ya raya zuri'a, ya yi wa yarinyar nan albarka da ta matsa maka. Tafiyar tana yiwuwa, kuma ba sai ka ci bashi ba, muddin ka gane inda kuɗin tafiya yake zurarewa. Mutane da yawa suna tsoron kuɗin shiga wurin, alhali shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Abin da ke cinye aljihu shi ne mota, da makwanci, da abin da za a sa a ciki, sai kuma tsaraba, wadda mu Hausawa ba ma sa ta a lissafi sai ranar dawowa ta zo ta kwashe ɗan abin da ya rage. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya rage masa ƙarfi tun daga gida.

Fara da lokaci, domin shi ne ke yanke hukunci a kan sauran. Yankari tana jihar Bauchi, a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Daji mai wannan girma, da damina ko'ina ruwa ne, ciyawa ta yi tsawo, dabbobi sun watsu. Za ka biya kuɗin mota ka zaga ka dawo ba ka ga komai ba sai ganye. Da rani kuwa ƙananan tafkuna sun ƙafe, ƙishirwa tana koro dabbobin zuwa bakin kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar dajin. Saboda haka dogon hutun makaranta na watan Agusta, wanda shi ne ya fi zuwa wa malami a rai, shi ne mafi rashin dacewa da Yankari. Hutun Disamba da na wajen Afrilu su ne naka. A Afrilu an fi ganin dabbobi amma zafi ya yi tsanani, kuma da ƙananan yara wannan abin dubawa ne. A Disamba akwai hunturu, yawo ba ya gajiyarwa, sai dai makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara wurin yakan cika, ɗakuna su yi wuya. Haka ma kwanakin Sallah da na Ista. In da ni ne, ranar da aka rufe makaranta a Disamba zan sa ido a kan Litinin ko Talatar da ke biye, in shiga in fito kafin cunkoson ƙarshen shekara ya sauka. Tsakiyar mako ta fi ƙarshensa sauƙi a kusan komai, har da samun fuskar yin ciniki.

Mota ita ce babbar matsala, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Daga Kano zuwa Bauchi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi wajen kilomita 300 ne. Daga Bauchi a kama hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya kwana zuwa ƙofar dajin da ke Mainamaji. To a nan ne baƙo ke shan mamaki: isa ƙofa ba isa Yankari ba ne. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masauki da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi suke, akwai wajen kilomita 40 na daji, kuma ba hanya ce da motocin haya ke zirga-zirga a kanta kamar cikin gari ba. Wanda ya shigo motar tasha kujera-kujera har ya sauka a bakin ƙofa da mata da yara da kaya, ya sa kansa a hannun duk wanda ya samu da mota a wurin, kuma farashin da aka faɗa masa shi zai biya.

Shawarata ita ce shata, amma ba kai kaɗai ba. Nemi wani magidanci a cikin abokan aikinka ko 'yan'uwa, wanda jininku ya haɗu kuma matanku suna shiri, ku haɗa gida biyu ko uku ku ɗauki bas guda. Kuɗin shata na mota ne, ba na kai ba. Duk kujerar da ta tafi babu kowa asara ce, duk wadda aka cike kuma ragi ce ga kowa. Kafin ka je wurin direba ka yi lissafinka a takarda. Zuwa da dawowa, haɗe da ɗan zagayen cikin garin Bauchi, ka ƙaddara kilomita 900. Ƙaramar motar da ke cin kilomita 10 da lita ɗaya za ta sha lita 90, bas kuma ta fi haka sha. Ka tambayi direban abin da motarsa ke sha, ka ninka da farashin lita na ranar, sai ka san kuɗin mai. Abin da ya hau kai shi ne ladan mota da na direba, kuma a kansa ake ciniki. Ku yi magana a fili tun a Kano: wa zai sayi mai, wa zai ciyar da direba, ina zai kwana, in mota ta lalace a hanya gyaran na wuyan wa. Maganar da ba a yi a tasha ba ita ce ke zama rigima a daji. Ka ɗauki direba ta hannun shugabannin tasha ko ta wanda ya san shi, ka duba tayoyi da safaya da jak da idonka, ka tabbatar takardun motar ba su mutu ba. A cika tanki a Bauchi.

In haɗin gida biyu bai samu ba, ku shiga motar tasha zuwa Bauchi, irin su Kano Line ko Yankari Express, sannan a can ku yi shatar ƙaramar mota da za ta shiga da ku Wikki ta kuma dawo ta ɗauke ku ranar da kuka ajiye. Kada ka biya kuɗin dawowar gaba ɗaya sai ta zo.

Magana ɗaya da ba na sassautawa a kanta: ba a tafiyar dare da iyali. Ku yi sallar Asuba ku kama hanya, yadda La'asar za ta same ku kun sauke kaya. Kwana biyu kafin tafiya ka tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum halin da take ciki, domin labarin tsaro a ƙasar nan yana sauyawa daga wata zuwa wata, kuma su suka fi kowa sani. In sun ce a dakata, a dakata. Babu arahar da ta kai lafiyar yaranka.

Sai makwanci. A Wikki akwai ɗakuna hawa-hawa, daga na manyan baƙi har zuwa ɗakunan kwanan ɗalibai masu gadaje da yawa. Wanda ya zo yawon daji ba ya wuni a ɗaki. Abin da kake bukata shi ne wuri mai tsabta, mai ƙofar da ke kulluwa, da ruwa a banɗaki. In gida biyu ne, mata da ƙananan yara su ɗauki ɗaki, maza da samari su ɗauki wani, an rage ɗaki guda ke nan ko biyu. Ka nemi farashin ranar daga ofishin da ke kula da wurin kafin ka tashi, ka tambayi kuɗin shiga na manya da na yara da na mota, da ko ana biyan wani abu a kan kyamara. Tunda kai malami ne, tambayi ko akwai rangwamen ɗalibai, yaran kuma su riƙe katin makarantarsu. Kada ka tura kuɗin kama ɗaki ga wani da ka gani a Facebook yana cewa shi wakili ne. Abin da za ka biya, ka biya inda za a ba ka rasit. Kuma ka riƙe tsabar kuɗi, don a daji ba a dogara da sabis ɗin waya wajen tura kuɗi.

Kwana nawa? Biyu sun isa. Kwana ɗaya gajiya ce kawai, domin yaran ba su gama warware ƙafa ba za a ce su hau mota. Na uku kuwa kuɗi ne ba tare da sabon abin gani ba. In kana da ɗan'uwa ko tsohon abokin karatu a Bauchi, kwana ɗaya a gidansa a hanyar zuwa ko dawowa ya rage maka kuɗin masauki ya kuma ƙara zumunci. Amma a zamanin nan ba a faɗa wa mutum da mutum shida ba sanarwa. A kira shi tun da sauran mako biyu, a tafi da ɗan abin hannu, ko shinkafa ko mai, yadda saukarku ba za ta zame wa matar gidan nauyi ba.

Abinci kuwa, a nan ne uwargida za ta cece ka. Akwai gidan abinci a sansanin, amma mutum shida sau uku a rana, kwana biyu, a farashin wurin shaƙatawa, zai iya kamo kuɗin ɗaki. Kakanninmu da suka yi fatauci har Gwanja ba su dogara da abincin hanya ba, guzuri suke yi, kuma irin guzurin nan har yau bai tsufa ba: dambun nama, soyayyen nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, cincin, dabino, gyaɗa. A ƙara da burodi, da kayan shayi, da filas babba. Ranar tafiya a dafa shinkafa ko dambu a zuba a kula, ya ɗauke ku rana da dare. Ruwan sha a saye shi jaka-jaka a Bauchi, inda yake a farashin gari. Sannan a ware kuɗin cin abinci sau ɗaya a gidan abincin wurin, a zauna a kan tebur a kawo wa kowa farantinsa. Yara suna riƙe irin wannan a rai, kuma uwarsu ma ta cancanci ranar da ba ita ce ke raba abinci ba. In aka ce hutu, har da ita.

Guzurin nan fa yana da masu jiransa. Birai sun saba da mutane a Wikki, musamman gwaggon biri, kuma ba su da kunya ko kaɗan. Zai zauna a gefe kamar ba ruwansa, yana sosa ciki, idonsa na kan ledar da ke hannun ƙaramin yaro. Kafin a ankara ya fizge ya haye rufin ɗaki yana kwancewa. Suna gane baƙar leda, suna gane kula, wasu har murɗa marfin ƙofa suke yi. A kulle ƙofa da taga ko da fita ta minti biyu ce, a ɗaga gilasan mota, kada yaro ya fito waje da abinci a hannu, kuma kada a ba su da gangan, don wanda aka ba shi ne ke dawowa da 'yan'uwansa. In ya ƙwace, a bar masa. Za ku ga gadu ma suna kiwo a tsakanin ɗakuna, sun durƙusa a kan gwiwoyin gaba suna tonon ciyawa. A kalle su daga nesa.

Shiga daji ana yinsa ne da sassafe ko da yamma, tare da ɗan jagora, ba ka shiga kai kaɗai. Motar zagayen ma kuɗinta na mota ne, don haka in ba ku cika ta ba ku nemi wasu baƙin ku raba. Fita ɗaya ta isa in kuɗi ya yi kaɗan, kuma ni ta safe nake zaɓa. A nan ina so ka shirya zukatan yaran tun daga gida. Daji ba gidan zu ba ne, ba a ɗaure dabba a jira mai kallo. Yankari tana da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwayen da suka rage a Najeriya, amma ganinsu rabo ne. Wani ya gan su a fitar farko, wani sai sawunsu da kashinsu da rassan da suka kakkarya. Zaki kuwa kada ma ka yi musu alkawarinsa. Abin da aka fi gani shi ne gwambaza, da mazo, da gwanki, wani lokaci ɓauna, da dorina da kada a wajen ruwa, sai tsuntsaye iri-iri. Yaron da aka ce masa za a je ganin zaki zai dawo da fushi. Wanda aka ba littafi da biro aka ce ya rubuta duk dabbar da ya gani da sunanta na Hausa, ya tambayi ɗan jagora wadda bai sani ba, zai dawo da shafi cike yana gasa da ƙannensa. A sa riga mai dogon hannu mai hasken launi, saboda ƙudan tsando da ke wajen kogi yana bin baƙi da shuɗi, kuma cizonsa da zafi.

Ko ba a ga giwa ba, ruwan Wikki kaɗai ya biya kuɗin mota. Ana gangarawa ta matakala zuwa wani kwari mai inuwar manyan itatuwa, ruwan yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garau, har kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Da sanyin safiyar hunturu, lokacin da mutum ke ƙyamar taɓa ruwan buta, shiga cikinsa wani daɗi ne da sai wanda ya gwada. Sai dai kusa da bakin dutsen yana da zurfin da zai shanye babban mutum; yara su tsaya can ƙasa inda bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, kuma babba ɗaya ya zauna aikinsa kallonsu kawai, ba waya a hannu. Mata da 'yan mata da ke son sakewa su sauka da sassafe kafin jama'a su taru, da suturar da za su iya shiga ruwa da ita.

Ɗan akwatin magani ba ya cin kuɗi: farasitamol, gishirin haɗa ruwan gudawa, filasta, maganin shafawa na sauro, da gidan sauro in akwai wurin ɗaurawa. Mai shan magani kullum ya ɗauki nasa har da ƙari. Tocila da cajar ajiya ta waya su ma su shiga jaka.

A hanyar dawowa ku tsaya a Bauchi ku ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, Firayim Ministan Najeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Akwai ɗan gidan tarihi a wurin da aka ajiye wasu kayansa. Ga malamin makaranta wannan darasi ne da ya zo har gida, tunda shi ma marigayin da koyarwa ya fara. Ku ci masar Bauchi da zafinta, ba ta da tsada kuma ta yi suna ba a banza ba. In rana ba ta yi ba, a Birnin Kudu akwai tsofaffin zane-zanen shanu a jikin duwatsu, a kan hanyarku suke. Amma kada kwaɗayin ganin komai ya sa Magariba ta same ku a hanya.

Yanzu tsaraba. Ba zan ce a bar ta ba, al'ada ce mai kyau, kuma wanda ya dawo hannu rabbana maƙwabta sai sun yi magana. Abin da ke kashe mutum shi ne sayen kowa nasa daban. A rubuta sunayen gidajen da za a kai wa tun kafin a tafi, a yanke adadin kuɗin, a sa shi a ambulan daban, a sayi abu ɗaya mai auki da za a rarraba. In ambulan ɗin ta ƙare, tsaraba ta ƙare. Haka kuɗin komawa gida: a ware shi a ba uwargida ta ɓoye, ba a taɓa shi ko me aka gani. A kuma ajiye kamar kashi ɗaya cikin goma na dukan kuɗin saboda abin da ba a zata ba, kamar faci ko zazzaɓin yaro.

Tara kuɗin kuwa, tunda mai albashi ne kai, adashe ya fi komai dacewa. Shiga na wata shida ko takwas, ka roƙi a ba ka kwasar watan Nuwamba. Yaran ma a ba su asusu su riƙa jefa ɗan abin da suka samu; wanda ya zuba nasa a tafiya ya fi jin ta a jikinsa, kuma ya fi tausayin kuɗin. Kuɗin makarantar zango mai zuwa da na abincin watan Janairu ba sa cikin wannan lissafi ko da wasa. In ka haɗa komai ka ga sai an taɓa su, to bana ba shekarar Yankari ba ce, ka faɗa wa yarinyar gaskiya, ka sa mata lokaci.

Hakan kuma ba ya nufin a sake cinye hutun a gaban talabijin. Kana zaune a garin da mutane ke biyan kuɗin jirgi daga Turai su zo gani. 'Ya'yan Kano nawa ne suka girma ba su taɓa hawa Dutsen Dala sun ga birnin daga sama ba? Gidan Makama, da karofin Ƙofar Mata inda har yau ake rini da baba, da lungunan kasuwar Kurmi, da Gidan Ɗan Hausa, da gidan zu na Audu Bako, duk kuɗin adaidaita sahu ne da ɗan abin shiga. A ɗauki wuri ɗaya a rana, a yi shiri kamar za a yi doguwar tafiya, a yi kwalliya, a ɗauki guzuri. In an samu ɗan ƙarfi, Daura tafiyar yini ɗaya ce ta Kazaure: a je a ga rijiyar Kusugu da yaran suka sha jin labarinta, a sha ruwanta, a dawo kafin duhu, ba kuɗin masauki. Irin waɗannan ƙananan fita su ne za su nuna maka wanda mota ke sa wa amai, da wanda ke saurin gajiya, da abin da kuke mantawa a gida, kafin ranar babbar tafiya.

Ka fara da neman abokin haɗin gwiwa a wannan makon, Malam, don shi ne ya fi ɗaukar lokaci, sauran duk lissafi ne. Allah ya hore, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In kun dawo, 'yar taka ta rubuto mana da hannunta abin da ta gani.